Daga kasuwar Bangala zuwa Farasan, bin sawun dangin harid

Da na kammala Umara sai na sauka Jidda wajen kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya zauna can tun ban mallaki hankalina ba. Gidansa yana Hindawiyya, unguwar da ake jin Hausa a bakin shago da ƙofar masallaci, da yamma kuma ƙamshin tsire ya cika layi. Ni mutumin Argungu ne, a gidan masunta na tashi, kuma aikina koyar da ilimin halittu a makarantar sakandare. Saboda haka da Kawu ya tambaye ni inda nake so a kai ni a cikin gari, na ce kasuwar kifi. Ya ce dama ya san abin da zan ce ke nan, ya kira ɗansa wanda ke karatun ilimin teku a Jami'ar Sarki Abdul'aziz, ya ce gobe da asuba shi zai tuƙa mu.

Bangala suke kiran babbar kasuwar kifin Jidda, tana nan bakin ruwa kusa da tashar jiragen ruwa. Mun isa ana tsakiyar gwanjo, dillalai na ɗaga murya, ƙasa jiƙe sharkaf da ruwan ƙanƙara. Idona ya saba da kifin gulbi, giwan ruwa da tarwaɗa da karfasa da rajiya, waɗanda launinsu bai wuce baƙi da fari da ruwan toka ba. A nan kuwa sai na ga tebur kamar an baje hajar mai rini. Ga najil ja mai ɗigo-ɗigon shuɗi, shi ne mai tsadar kasuwar. Ga hamur, ga sha'ur, ga sijan. Sai can gefe na hango wani tsibin kifi kore da shuɗi da ruwan hoda, ɓawonsa manya-manya, bakinsa sak na aku. Na tsaya cak.

"Wannan shi ne harid, Yaya," in ji ɗan Kawu. "Turawa kifin aku suke ce masa. Duk wanda ka gani da irin bakin nan, a kasuwa harid ne. Amma a kan teburin nan kaɗai akwai nau'i uku ko huɗu."

Kawu ya taya guda biyu, aka sallama, muka kai su wajen masu gyara. Wanda ya karɓa Bahaushe ne haifaffen Makka, dattijo, Hausarsa gauraye da Larabci. Da ya ji ana ce mini Malam, kuma ya ga yadda nake leƙen bakin kifin, sai ya ce, "Malam, ai wannan na waje ne kake kallo. Tsaya ka ga na ciki." Ya tsaga kan, ya zura yatsa can ƙasan maƙogwaro, ya ciro ƙasusuwa uku, biyu na sama ɗaya na ƙasa, kowanne da layukan haƙora masu faɗi a jere. Ya ɗauraye su ya ɗora mini a tafin hannu. Na daɗe da sanin zancen muƙamuƙin maƙogwaro a takarda, na ma koyar da shi, amma riƙe shi da jin nauyinsa wani abu ne dabam.

Ga yadda yake aiki. Bakin waje haƙora ne ɗaruruwa da suka manne wa juna suka zama faranti biyu sama biyu ƙasa, sababbi na tasowa daga baya suna maye gurbin waɗanda suka cinye. Da shi harid ke kankare dutsen murjani, wato dutsen da wasu ƙananan halittun teku masu rai ke ginawa a ƙarƙashin ruwa. Abin da yake nema ƙananan halittu ne masu kama da gansakuka, waɗanda ke rayuwa a fuskar dutsen da cikin ƙofofinsa, wasu ido ba ya ma ganinsu. Haƙoran maƙogwaro su ke niƙe dutsen, hanji ya tsotse abincin, sauran ya fita a matsayin farin rairayi. Mafi girman dangin, wanda masana ke kira Bolbometopon muricatum, mai ƙaton goshi, yana wuce mita ɗaya a tsawo, kuma an ƙiyasta cewa babba guda kan gutsure kusan tan 5 na dutse a shekara. Rairayin bakin teku da yawa a ƙasashe masu zafi ta cikin hanjin waɗannan kifaye ya biyo.

Na ce wa ɗan Kawu ai karfasarmu ta gida ma tana da irin wannan muƙamuƙi a maƙogwaro, sai dai haƙoranta ƙanana ne. Ya ce wannan kamannin ya taɓa jan manyan masana zuwa wata hanya. A 1982 Kaufman da Liem sun haɗa dangin karfasa da dangin da ake kira Labridae da wasu dangogi a rukuni ɗaya, hujjarsu kuwa ita ce ƙirar wannan muƙamuƙi, musamman yadda ƙashin ƙasa ya haɗe ya zama ɗaya. Rukunin ya shiga littattafai ya zauna shekaru. Da aka zo ana karanta ƙwayoyin gado na DNA, sai lissafin ya ƙi fita. Binciken da Peter Wainwright da abokan aikinsa suka wallafa a 2012 ya nuna cewa irin wannan muƙamuƙi ya ɓullo sau da dama a zuriyoyi daban-daban, kuma tsakanin karfasa da harid akwai nisa mai yawa. Kawu yana sauraro yana ƙirga canjinsa, sai ya ce, "To ai dama kama da wane ba wane ba ne."

Abin da ya fi kama ni shi ne ɗaya gefen zancen. Sama da shekara 150 masana na ware kifayen aku a matsayin dangi mai zaman kansa, Scaridae, domin bakinsu bai yi kama da na kowa ba. Labridae kuwa babban dangi ne mai nau'i sama da 600, masu kaurin leɓe da haƙora a rarrabe, har da wasu fiƙoƙi a gaba, suna cin kaguwa da dodon koɗi da ƙananan kifaye. A 2005 Mark Westneat da Michael Alfaro suka fitar da bishiyar zumunci da aka gina kan DNA, sai ga kifayen aku a tsakiyar Labridae, reshe ne daga cikin rassanta. Makusantansu kuwa su ne rukunin Cheilinus, wanda a cikinsa ne ake da ƙaton kifin nan mai ƙullutu a goshi da masuntan Jidda ke kira tarabani. Ma'ana, tarabani ya fi kusa da harid a kan yadda yake kusa da wasu kifayen da suke da irin leɓensa da irin haƙoransa. Shi ya sa masana da yawa yanzu suke sa harid cikin Labridae, ko da yake akwai littattafan da suka riƙe tsohon sunan. Karfasa da ta yi tarayya da shi a maƙogwaro ta zama bare, tarabani da bakinsu ya sha bamban ya zama ɗan'uwa na jini.

Ina ganin a nan ne muke tauye ɗalibanmu. Muna ba su rabe-raben halittu kamar jerin sunayen da za a haddace a zuba a jarrabawa, alhali muhawara ce da ake yi da hujja, ana kawo ƙashi, ana kawo haƙori, ana kawo DNA, wata hujjar na kayar da wata. Yaron da ya san dalilin da ya sa aka cire karfasa daga wancan rukuni ya fi wanda ya haddace sunaye hamsin fahimtar darasin.

A gida matar Kawu ta soya kifin, aka haɗa da sayadiyya, shinkafar nan da ake dafawa da soyayyar albasa har ta yi duhu. Naman harid fari ne mai laushi, ba shi da ƙaya da yawa. Muna ci ɗan Kawu ya buɗe kwamfutarsa ya nuna mini jerin sunayen kimiyya na kifayen Bahar Maliya, ya ce in karanta da ƙarfi in ji. Na karanta: Hipposcarus harid, Scarus ghobban, Lutjanus bohar, Acanthurus sohal, Lethrinus mahsena, Carangoides bajad. Kawu ya ajiye cokali, ya ce ai waɗannan sunayen kasuwa ne. Haka ne kuwa, kuma akwai tarihi a ciki. A watan Janairun 1761 Sarkin Danmak Frederik na Biyar ya tura ayarin mutum shida zuwa ƙasar Larabawa. A cikinsu akwai Peter Forsskål, ɗalibin Linnaeus ɗin nan da ya tsara wa duniya salon ba kowace halitta suna mai kalma biyu. Ayarin ya sauka Jidda a ƙarshen 1762, ya yi makonni kafin ya wuce Yaman. Forsskål ya iya Larabci, sai ya riƙa bin masunta yana tambayar sunan kowane kifi, yana rubuta siffarsa, yana tsaga shi ya busar da fatar gefe ɗaya kamar yadda ake busar da ganye. Zazzaɓin cizon sauro ya kashe shi a garin Yarim a watan Yulin 1763 yana da shekara 31. Cikin su shida Carsten Niebuhr kaɗai ya koma gida, shi ne kuma ya buga rubuce-rubucen abokin tafiyarsa a 1775. Busassun kifayen nan, kusan ɗari, suna nan a gidan adana kayan tarihin halittu da ke Kofanhagan, kuma har yau idan gardama ta tashi kan wane kifi ne ainihin mai wani suna, akan koma gare su.

Abin da na ɗauka a labarin nan shi ne, baƙon ya iske masuntan Jidda sun riga sun rarrabe kifayensu, kuma ya ga rabon nasu ya isa a gina a kansa. Ko a wajenmu, tsohon masunci zai bambanta maka kifaye biyu da ɗan jami'a zai ce ɗaya ne.

Da daddare Kawu ya ce tunda harid ya shiga raina haka, kuma ga shi watan Afrilu ne, to mu tafi tsibiran Farasan, lokacin fitowarsa a can ya yi. Yana da aboki a Jazan, Bahaushe ne wanda kakanninsa suka tsallako daga Sudan a kan hanyar Hajji suka zauna. Muka kama hanyar gaɓa, kusan kilomita 700 zuwa kudu, ta Lis da Kunfuza da Birk. Hagu duwatsu can nesa, dama teku na ɓuya yana fitowa, tsakani kuwa fili ne mai zafi da raƙuma jefi-jefi. Muka kwana Jazan, abokin Kawu ya riga ya yanka mana tikiti. Jirgin da ke kai mutane da motoci Farasan kyauta ne, tafiyar kuma ba ta wuce awa ɗaya da 'yan mintoci ba.

A kan jirgin ne ɗan Kawu ya ɗauko zancen launi, domin na tambaye shi yadda aka yi ya ce nau'i uku ko huɗu ne a kan teburin Bangala, ni kuwa na ga launi ya fi bakwai. Ya ce a nan ne masanan farko suka sha wuya. Yawancin kifayen aku a matsayin mata suke fara rayuwa, da launi mai duhu ko ja-ja ko ruwan toka. Idan ta girma, musamman idan babban namijin da ke riƙe da wurin ya mutu, wata daga cikinsu takan rikiɗe ta zama namiji, jikinta ya koma kore da shuɗi, wutsiya ta yi tsawo. Ƙananan ma suna da nasu launin dabam. Ga misalin Scarus ferrugineus, wanda shi ma Forsskål ya raɗa wa suna: macen ja-ja ce mai tsatsa da rawayar wutsiya, namijin kuwa kore shar da shuɗi. Wanda ya gan su a kwando ɗaya zai rantse ba su haɗa komai ba. Ga shi kuma launin kan gushe idan an jiƙa kifi a maganin adanawa. Haka aka yi ta ba mace suna, namiji suna, ɗa suna, har sunaye suka kai ɗaruruwa. Sai a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, da Leonard Schultz ya bi su ɗaya bayan ɗaya a 1958, sannan masana irin su John Randall suka fara nutsewa suna kallon wa ke barbara da wa, aka tattare sunayen. Yau adadin da aka yarda da shi bai kai 100 ba sosai, yana tsakanin 90 da 100, a cikin gidaje goma, gida kuwa shi ne kalmar farko ta sunan kimiyya.

Gidajen nan goma sun kasu gida biyu manya. Akwai na cikin ciyawar teku, irin su Calotomus da Leptoscarus da Sparisoma, waɗanda a wasunsu haƙoran ba su gama mannewa ba, kana iya ƙirga su. Akwai kuma na kan murjani, su Scarus da Chlorurus da Hipposcarus da Cetoscarus da Bolbometopon, masu cikakken bakin aku. Ko a cikin na biyun akwai bambancin sana'a. David Bellwood da Howard Choat sun nuna a 1990 cewa wasu kankara kawai suke yi, su bar ɗan zane a fuskar dutse, wasu kuwa haƙa suke yi, su ɓalle gutsure su bar rami. Masu haƙar suna da kaurin muƙamuƙi da manyan tsokoki, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa Bellwood ya cire su daga Scarus a 1994 ya mayar da su gidan Chlorurus. Harid na Farasan kuwa, mai dogon hanci, Forsskål a gidan Scarus ya sa shi, sai a 1956 J.L.B. Smith na Afirka ta Kudu ya buɗe masa gidan Hipposcarus. Su biyu ne kacal a ciki, shi da ɗan'uwansa longiceps na Tekun Fasifik.

Farasan tsibirai ne da suka haura 80, kuma su kansu tsohon murjani ne da ya taso sama da ruwa. Ƙasar fara ce mai kaifi, idan ka duba dutsen da kake takawa za ka ga zanen murjani da ɓawon koɗi a jikinsa. Da wannan dutse aka gina tsofaffin gidajen garin. Mun leƙa gidan Rifa'i, na wani attajirin lu'ulu'u na farkon ƙarnin da ya wuce, mai ado na farar ƙasa tun daga ƙofa har rufi, muka yi sallah a masallacin Najdi. Mun ga bareyi biyu a gefen hanya, domin tsibirin wurin kiyaye namun daji ne, kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren da take karewa a 2021. Amma hankalin kowa a garin yana bakin ruwan Hasis.

Mai masaukinmu, wani tsohon masunci abokin abokin Kawu, ya ce su hancinsu ke gaya musu. Idan lokaci ya yi, bayan wata ya cika, wani ƙarni kan taso daga teku da magariba, to sun san harid na tafe. Ɗan Kawu ya ce wannan lokacin ne murjani ke sakin ƙwayayensa a ruwa, ƙarnin nasu ne. Tsohon ya gyaɗa kai ya ce, "Ku kuna da sunan abin, mu muna da lokacinsa."

Mun fita tun duhu bai washe ba, muka iske bakin ruwa ya cika. Ƙwararrun masunta kaɗan ne suka shiga, suna tafiya a hankali cikin ruwan da bai wuce ƙugu ba. Harid kan shigo wannan lungu ne a dunƙule, garke-garke, har ruwan ya yi duhu a inda suke. Masuntan suka kewaye garke da raga, suka jawo shi kusa da gaɓa, sannan aka zagaye shi da rassan wani ɗan itace da suke kira kisb. Duk wannan lokaci jama'a na tsaye a layi, yara da manya, kowa da 'yar ragarsa ko buhu, ba wanda ya taka ruwa. Sai aka yi kira da ƙarfi, "Adduwaini!" Kafin ka ce me, ruwan ya koma fari da fantsama, mutane na gudu suna faɗuwa suna tashi, wasu na cusa kifi cikin riga.

Jikina ya yi sanyi, domin na san wannan. Haka muke tsayawa a bakin Matan Fada da homa da gora, ana jiran a ba da alama, sannan dubban mutane su auka ruwa lokaci ɗaya. Bambancin shi ne a Argungu ana neman ƙato ɗaya ne da zai rinjayi sikeli, a Hasis kuwa yawa ake nema, a raba wa maƙwabta da dangi, a aika wa na Jazan. Ɗan Kawu ya shiga ya fito da guda uku, rigarsa jiƙe, ya shimfiɗa su a kan rairayi. Biyu farare ne masu ɗan rawaya da ruwan hoda a gefen ɓawo, ɗaya ya fi girma, da shuɗi a fiffike da doguwar wutsiya mai ƙaho biyu. Ya ce, "Yaya, ga mata ga namiji. Nau'i ɗaya."

Washegari tsohon ya ɗauke mu a kwalekwalensa mai inji zuwa wani tudun murjani. Na iya ruwa tun ina yaro, amma ban taɓa sa tabarau na nutso da bututun numfashi ba. Abin da ya fara zuwa mini shi ne ƙara, wani ƙaras-ƙaras da ba ya yankewa, ashe haƙoran harid ne a kan dutse. Na ga wani ƙato mai kumburarren goshi ya ɓalle gutsure ya wuce, ya saki farin rairayi a bayansa. Na kuma lura da yadda suke iyo. Wutsiya ba ta aiki sai in za a gudu, fikafikan ƙirji ne ke tuƙi, sama da ƙasa. Can ƙasa wani ɗan siririn kifi mai baƙin layi yana zagaya kunnen wani harid yana tsince masa ƙwari, harid ɗin ya tsaya ya buɗe masa. Wannan ɗan ƙaramin Labroides dimidiatus ne, cikakken ɗan Labridae, kuma tuƙinsa da fikafikan ƙirji iri ɗaya ne da na wanda yake yi wa aski. Rikiɗar mace zuwa namiji ma yawancin dangin sun yi tarayya a kanta. Alamun zumuncin suna nan a fili tun kafin a zo da DNA, bakin ne ya ɗauke wa mutane hankali.

Da muka hau kwalekwale na tambayi sunan mai goshin. Ɗan Kawu ya ce Chlorurus gibbus, Bajamushe Eduard Rüppell ne ya siffanta shi a 1829. A da ana ɗauka nau'i ɗaya ne tun daga nan har tsibiran Fasifik. Yanzu an raba shi uku: gibbus na Bahar Maliya, strongylocephalus na Tekun Indiya, microrhinos na Fasifik. Haka aka yi wa Cetoscarus bicolor, aka bar wa na Bahar Maliya sunan, na sauran tekuna suka koma ocellatus.

Dalilin yana ga ƙirar Bahar Maliya. Ƙofa ɗaya gare shi ta asali, Babul Mandab, faɗinta kimanin kilomita 30, kuma kusa da tsibiran Hanish zurfin mashigar bai wuce mita 137 ba. Babu wani babban kogi da ke zuba a ciki, rana kuwa na ƙafar da ruwan, shi ya sa gishirinsa ya kai kusan kashi 40 cikin dubu, alhali na sauran tekuna 35 ne. A zamunan ƙanƙara, wato lokutan da sanyi ya daskarar da ruwa mai yawa a doron ƙasa, na ƙarshensu kimanin shekara 20,000 da suka wuce, ruwan tekunan duniya ya ja baya da kusan mita 120, ƙofar ta tsuke, gishiri ya ƙaru. Hakan ya maimaitu sau da yawa. Ga kuma ruwan sanyi da ke tasowa a gaɓar Oman da Somaliya lokacin damina, wanda ke hana murjani yaɗuwa a can, ya zama shinge. Kifin da aka raba da 'yan'uwansa tsawon zamani, yana haihuwa a tsakaninsa kaɗai cikin ruwa mai zafi da gishiri, a hankali sai ya bambanta. Cikin nau'in kifi sama da 1,100 da ke Bahar Maliya, kashi 13 zuwa 15 cikin ɗari ba a samunsu a wani wuri.

Idan aka ja da baya sosai kuwa, labarin ya fi haka faɗi. Akwai wani tsohon teku da masana ke kira Tetis, wanda ya ratsa tsakanin Afirka da Turai da Asiya. A Monte Bolca da ke arewacin Italiya an haƙo kifayen da suka zama dutse masu shekara kusan miliyan 50, a cikinsu akwai 'yan Labridae na farko-farko. Tsohon kifin aku da aka tabbatar, Calotomus preisli, a Ostiriya aka same shi, ƙasar da yau ba ta da teku ko kaɗan, shekarunsa kusan miliyan 14. Da yankin Larabawa ya matsa ya haɗe da Asiya, hanyar ruwan ta toshe, dangin ya rabu gabas da yamma. Sparisoma ya yi ƙarfi a Tekun Atalantika, Scarus da Chlorurus suka bazu a Indiya da Fasifik, kuma yawancin nau'o'insu cikin 'yan miliyoyin shekarun baya-bayan nan suka rarrabu. Mutum ne ya sake buɗe hanyar da ya haƙa mashigin Suwes a 1869, ga shi Scarus ghobban ya bi ta nan, an fara ganinsa a gabashin Bahar Rum a 2001. Kawu ya yi tasbihi, ya ce Wanda ya tsara wannan Shi ya san adadin abin da ke cikin ruwa.

Tsohon masuncin bai sa baki a zancen miliyoyin shekaru ba, amma da aka zo kan gibbus ya kashe inji. Ya ce manyan sun ragu a wuraren da ya saba ganinsu yana saurayi. Harid da dare barci yake yi a cikin kogon murjani, wasu ma sukan lulluɓe kansu da wata yauƙi da suke fitarwa, wadda ke kare su daga ƙwarin da ke shan jini. Mai bindigar ruwa da tocila sai ya bi su kogo-kogo ya tsince, kuma manyan yake zaɓa. Ɗan Kawu ya ce manyan nan su ne mazan, su ne kuma masu haƙar da ke share dutse har jaririn murjani ya sami wurin kamawa. Idan suka tafi, gansakuka ta rufe wurin.

A nan na ga amfanin rabon da aka yi wa sunan. Lokacin da ake ɗauka gibbus ɗaya ne daga Jidda har Fasifik, raguwarsa a Farasan ƙaramin abu ne a lissafin masu kiyaye halittu, tunda akwai shi a wasu tekuna. Yanzu da aka san na nan dabam ne, duk abin da duniya ta mallaka na wannan kifi yana tsakanin Suwes da Babul Mandab ne. Na faɗa wa tsohon haka, ɗan Kawu ya mayar masa da Larabci. Ya tambaya ko har da na gaɓar Sudan da Masar, aka ce masa har da su, ruwa ɗaya ne. Ya ce to zai gaya wa 'ya'yansa, domin biyu daga cikinsu suna fita da tocila. Ya ja igiyar injin, muka nufi gaɓa don mu sami jirgin la'asar zuwa Jazan.